Zafin Baƙin Mai a Cikin Injin Mota: Darasi ga Uwayen Ƙasa da Malamansu

Kowane uban ƙasa ya san doki. Ya san in an yi sukuwa da shi ba a ɗaure shi a turke nan take, sai an ɗan zaga da shi ya huce. Ya san kuma mai kula da barga na kirki shi ne wanda ya kan gane doki ba shi da lafiya tun bai kwanta ba. To, yau mota ta karɓi yawancin aikin da doki ya ke yi a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum. Da ita a ke rangadi, da ita a ke kai hatsi kasuwa, da ita a ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti cikin dare. Amma doki in ya gaji ya kan yi haki, ya yi gumi, a gani a sassauta masa. Mota kuwa ba ta haki. Tana iya ƙonewa daga ciki alhali direba yana zaune yana ganin kome lafiya.

Abin da za mu koya a wannan darasi ke nan: yadda zafi ya ke lalata baƙin mai a cikin inji, da yadda a ke auna zafin, da yadda a ke rage shi. Za mu ɗauko ilmin daga wajen masu tseren motoci, gama su ne suka fi kowa wahalar da inji, saboda haka su ne suka fi kowa binciken abin da ke kashe shi.

1. Aikin baƙin mai

Mutane da yawa suna tsammanin aikin baƙin mai ɗaya ne, watau sa santsi. Aikinsa huɗu ne. Na fari, yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su gogi juna. Na biyu, yana kwashe zafi daga wuraren da ruwan lagireto ba ya kaiwa, kamar ƙarƙashin fistin da kan karanshaf. Na uku, yana wanke dauɗa ya kai ta wurin filta. Na huɗu, yana taimakon ringi wajen toshe tsakanin fistin da bangon silinda, don kada ƙarfin inji ya zurare.

A lura da na farkon sosai. Karanshaf yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya a cikin ƙarafan nan da makanikai ke kira metal, amma ba ya taɓa su. Abin da ya raba su shi ne shimfiɗar mai wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba. In mai ya yi zafi ainun sai ya tsinke, shimfiɗar nan ta ƙara sirancewa, har ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Daga nan sai a ji ƙwanƙwasa, a ce inji ya buga. Wanda ya taɓa biyan kuɗin sauke inji ya san ba ƙaramar hasara ba ce.

2. Wane zafi ne ya yi daidai?

Da ma'aunin Santigireti a ke auna wannan zafi, shi ne ma'aunin da ruwa ke tafasa a kan digiri 100. A yawancin motoci mai ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 90 da 110. In ya yi ƙasa da haka da yawa, to, akwai illa, domin raɓar da ke taruwa a cikin inji ba za ta fita ba, sai ta gauraya da mai ta yi laka. In ya wuce digiri 120 ya daɗe a can, man da aka saba saye ya fara wahala ke nan. Akwai wani irin mai na haɗi da a ke kira sintetik, wanda ya fi jimrin zafi, amma shi ma wajen digiri 150 ya kai iyakarsa.

Masana mai suna da wani ƙiyasi da ya kamata kowane malami ya riƙe. Duk sa'ad da zafin mai ya ƙaru da digiri 10, saurin lalacewarsa ya kan ninka wajen sau biyu. A ɗauka misali, man da zai yi wata huɗu yana aiki a kan digiri 100. A kan 110 wata biyu zai yi. A kan 120 wata ɗaya. A kan 130 kuwa mako biyu kawai. Ke nan direban da ya ce bai daɗe da yin juye ba yana iya zama ya faɗi gaskiya, amma duk da haka man da ke cikin injinsa ya riga ya mutu.

Lambobin da ke jikin galan, kamar 20W-50 ko 15W-40 ko 5W-30, su ma maganar zafi su ke yi. Lamba ta fari tana nuna yadda mai zai gudu in inji yana da sanyi. Ta biyu tana nuna kaurinsa a kan digiri 100. Kowace mota akwai lambar da maƙeranta suka rubuta mata a littafinta. Ita za a bi. Zuba wa sabon inji mai mai kauri fiye da wanda aka ƙayyade, wai don ƙasarmu da zafi, ba dabara ba ce, gama mai mai kauri ba ya saurin shiga ƙananan hanyoyin da aka yi masa.

3. Abin da masu tsere suka gano

A ƙasashen Turai akwai filayen da aka keɓe musamman don tseren motoci, kamar Silverstone a Ingila, da Nurburgring a Jamus, wanda aka buɗe a 1927, wanda zagaye ɗaya na babbar hanyarsa ya ɗara kilomita 20. A waɗansu ranaku a kan buɗe irin waɗannan filaye ga kowa. Mutum ya biya kuɗi, ya shiga da motarsa ta hawa, ya gwada gudunta yadda ya ke so, ba masu tafiya ƙasa, ba dabbobi, ba motar da ke tahowa daga gaba.

Masu wannan sha'awa sun ga wani abin mamaki. Motar da ta shekara tana zuwa ofis lafiya lau, in aka taka mata totur har ƙasa minti goma sha biyar ko ashirin ba sassauci, sai zafin manta ya haura ya wuce kima, alhali allurar ruwa da ke gaban direba tana tsaye a tsakiya. Dalili kuwa, allurar nan zafin ruwa ta ke nunawa, ba na mai ba, kuma mai yana iya fin ruwa zafi da digiri 20 ko 30 in aiki ya tsananta. Sun kuma ga cewa in aka sha kwana da gudu, mai ya kan tattaru gefe ɗaya a cikin kwanon da ke ƙarƙashin inji, kamar yadda fura ke yi a ƙwarya in an karkata ta, sai famfon mai ya zuƙi iska. Daƙiƙa kaɗan na haka sun isa su ci metal.

Saboda haka suka kafa wa kansu ƙa'ida uku. A auna tukuna. A gyara abin da ya lalace. Sa'an nan in da bukata a ƙara na'urar sanyaya mai. Suna kuma da al'adar yin zagaye ɗaya a hankali kafin su tsaya, don inji ya huce, daidai da yadda a ke yi wa doki bayan sukuwa.

Kada a ce wannan ilmi na nesa ne. Fijo 404 ta ci tseren Safari na Afirka ta Gabas a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, Fijo 504 kuma ta ci shi a 1975, watau shekarar da aka fara harhaɗa motocin Fijo a Kaduna. Irin motocin nan ne suka yi shekaru suna jigilar mutanenmu. Tseren Dakar na fari, wanda ya tashi daga Paris a Disamban 1978, ta Agadas da Yamai ya bi. A irin rairayinmu da irin ranarmu aka gwada su.

4. Motocinmu kullum tsere su ke yi

Wani zai ce, ina ruwanmu da tsere, mu da ba gudu mu ke yi ba? To, inji bai san filin tsere ba. Abin da ya sani shi ne nauyin aiki da yawan iskar da ke bugunsa. A dubi a-kori-kura da aka labta wa buhunan gero ko na shinkafa a ƙasar Gummi, mutane kuma suka hau bisa kayan, ta ratse daga kwalta ta shiga yashi cikin watan Afrilu, sa'ad da zafin rana ya kan wuce digiri 40. Direba yana giya ɗaya ko biyu, inji yana kuka iyakar ƙarfinsa, mota kuwa tafiyarta ba ta fi ta jaki ba, saboda haka ba iskar kirki da ke shiga ta gaba. Ta wani fannin wannan mota ta fi ta tsere shan wuya, gama ta tsere gudunta yana kawo mata iska.

Haka abin ya ke da damina in mota ta kafe a laka kusa da Gulbin Zamfara ko Gulbin Ka ana ta ba ta wuta, lakar kuma ta toshe idanun lagireto. Haka da hunturu, in ƙura ta cika filtar iska. Ko a kan kwalta ma, daga Gummi zuwa Daki Takwas, zuwa Anka, zuwa Mayanchi, har Gusau, motar da aka yi wa lodi fiye da kima a ke kuma gudu da ita ba hutu, manta yana dahuwa. Ba kuwa sai an gaya wa uban ƙasa abin da ake nufi da mota ta mutu a daji da almuru a wannan zamani ba, balle in marar lafiya ta ɗauko.

5. Yadda a ke aunawa

Awo na fari ba ya cin ko kwabo, shi ne duba geji kowace safiya. A tsai da mota a wuri mai daidai, a zare gejin, a goge, a mai da shi, a sake zarowa. Lalle mai ya tsaya tsakanin zane biyu ɗin nan. A motoci da yawa abin da ke tsakaninsu wajen lita ɗaya ne. Mai kaɗan ya fi saurin ɗaukar zafi, kamar yadda ruwa kaɗan a tukunya ya fi saurin tafasa. Amma kada a cika ya wuce zanen bisa, domin karanshaf zai kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta raba ƙarfe da ƙarfe.

A kuma dubi man da kansa. In ya yi fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga. In yana warin fetur ko gas, ya tsinke. In an murza shi a yatsa an ji tsaki-tsaki, ko an ga yana ƙyalli a rana, ƙarfe ke cin ƙarfe. Baƙi kaɗai ba shaida ba ne, gama man injin gas da wuri ya ke yin baƙi.

Awo na biyu shi ne agogon zafin mai, na uku agogon matsin mai. Makaniken da ya san aikinsa yana iya ɗaura su duka biyu. Amfaninsu babba ne, domin jar fitilar nan mai siffar buta ba ta kamawa sai matsin mai ya kusa ƙarewa, a motoci da yawa sai ya faɗi ƙasa da rabin ba ɗaya na ma'aunin matsi, alhali inji mai lafiya a kan tafiya ya kan nuna uku ko huɗu. Ita fitilar ba cewa ta ke yi a yi hattara ba, cewa ta ke yi a kashe inji yanzu. Direban da ya gan ta ya ce bari ya ƙarasa gari, shi ya kashe motar da hannunsa.

Waɗansu motocin zamani sun san zafin mansu da kansu. Tun daga 1996 dokar Amurka ta tilasta a sa wa ƙananan motocin da a ke sayarwa a can wani soket a ƙarƙashin sitiyari, yawancin motocin da a ke shigo mana da su na hannu suna da shi. In aka jona masa 'yar na'ura sai a karanta zafin ruwa a wayar hannu, a waɗansu motocin har da na mai. Akwai kuma ma'aunin da a ke nuna wa abu daga nesa ya faɗi zafinsa. In an nuna shi ga kwanon mai bayan tafiya zai ba da ƙiyasi. Amma irin na goshi da aka yi ta gani a ƙofofin ofisoshi a 2020 ba zai yi ba, sai na makanikai.

6. A gyara tukuna

In awo ya nuna zafi ya yi yawa, kada a yi gaggawar sayen sabon abu. A fara da waɗannan. A wanke idanun lagireto da ruwa daga baya zuwa gaba. A duba fambel da fanka da murfin lagireto. A share ko a sake filtar iska. A tabbata ba a zuba ruwan rijiya tsurarsa ba, gama shi ke kawo tsatsa da ƙanzo a ciki, sai ruwan lagireto na galan. A rage lodi. A sayi mai a rufe cikin galan daga wurin da aka amince da shi, a guji na awo a kwalba wanda ba a san asalinsa ba, gama araha ba ta ado. A littafin yawancin motoci akwai jadawalin juye iri biyu, na aiki mai sauƙi da na aiki mai tsanani. Ƙura da zafi da lodi sun sa namu na biyun ne.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu, ta cire tamostat daga mota da zarar ta shigo ƙasar nan. Tamostat wata 'yar ƙofa ce da ke hana ruwa zagawa lagireto sai inji ya ɗumama. In an cire ta inji ya kan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, ya ƙara cin kansa da safe, ainihin cutar da ta kawo zafin kuwa tana nan ba a taɓa ta ba. In ta lalace a sa sabuwa.

7. Na'urar sanyaya mai

In an yi duk wannan amma mai bai daina wuce digiri 120 a bakin aikinsa na kullum ba, to, lokacin ƙara na'ura ya yi. Iri biyu ce. Akwai wadda ta ke kamar ƙaramin lagireto, mai yana bi ta cikinta iska tana bugunta. Irinta ce a cikin Boswaja, motar nan mai kama da kunkuru wadda aka fara harhaɗawa a Ikko a 1975, wadda ba ta shan ruwa sam. Akwai kuma wadda ruwan lagireto ke sanyaya ta. Yawancin motocin gas na ɗaukar kaya da ita su ke zuwa daga ma'aikata, a tambayi makanike kafin a sayi wata. In irin wannan ta huje ciki, sai a ga mai a cikin ruwan lagireto.

Mai son ɗaura ta iska sai ya kiyaye sharuɗɗa biyar. Na ɗaya, a haɗa ta da tata tamostat mai buɗewa wajen digiri 80, don kada mai ya yi sanyi da asubar hunturu. Na biyu, a kafa ta a gaba inda iska ke bugu, amma kada ta rufe fuskar lagireto duka. Na uku, a sa mata raga saboda tsakuwar hanyar burji, a kuma ɗaga ta yadda kututture ba zai same ta ba. Na huɗu, a yi aiki da tiyo na mai mai jimrin zafi da matsi, a nisanta shi da salansa, a ɗaure shi kada ya gogi ƙarfe. Na biyar, a ƙara mai gwargwadon abin da na'urar ta sha, a ta da inji, a duba ko'ina ko akwai yoyo.

A sani na'urar nan tana da nata haɗari. In tiyo ɗaya ya fashe, famfo zai watsar da man inji duka a kan hanya cikin ɗan lokaci. Don haka ba a ɗaura ta sai tare da agogon matsi. Da a yi aikin da rabin sani, gara a bar motar yadda maƙeranta suka yi ta a rage mata kaya.

8. Aikin uban ƙasa da malaminsa

Ba a ce uban ƙasa ya zama makanike ba. Abin da a ke nema gare shi tsari ne. Kowace motar da ke ƙarƙashin kulawarsa, ko tasa ce, ko wadda jama'a suka yi karo-karo suka saya don kai marasa lafiya asibiti, a buɗe mata littafi. Malami ya ja layi shida: kwanan wata, kilomitar da agogo ya nuna, inda mai ya tsaya a geji, yawan man da aka ƙara, zafi mafi yawa da aka gani a ranar, da sa hannun direba. Ranar juye a rubuta lambar man da aka zuba, da ko an sake filta. A rubuta abin da agogon matsi ke nunawa tun mota tana da lafiya, domin da shi za a gwada na baya. In an ga ƙarin mai yana yawaita wata bayan wata, ko matsi yana raguwa, mota tana faɗin ciwonta ke nan tun da sauran magani.

A hori direbobi da abu uku. In zafi ya hau, a ratse a bar inji yana silo har ya sauka, amma in jar fitilar mai ce ta kama a kashe nan take. Kada a buɗe murfin lagireto yana tafasa. Motar da ke da tabo, watau na'urar da ke cusa wa inji iska, wadda ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, a bar ta tana silo minti ɗaya ko biyu bayan doguwar tafiya kafin a kashe, don kada mai ya ƙone a cikinta. Wannan horo ya shafi tarakta da injin ban-ruwa na fadama da injin niƙa da babur, gama duk baƙin mai su ke sha. Ya kyautu uban ƙasa ya tara hakimai da shugabannin tasha kafin bazara, malami ya karanta musu.

Tsohon mai kuwa a tara shi a durom mai murfi, kada a zubar kusa da rijiya ko inda yara ke wasa, domin akwai guba a cikinsa. Mutanen Anka da Bukkuyum sun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a 2010, ba sai an yi musu dogon bayani a kan dafin da ke shiga ƙasa ba. Samarin da ke wasan mota a kan titi ranar biki kuma, a tuna musu cewa masu tseren da muka ambata a killataccen fili su ke yi, ba a tsakiyar jama'a ba.

Tambayoyi

1. Faɗi ayyuka huɗu na baƙin mai.
2. In mai zai yi wata shida a kan digiri 100, wata nawa zai yi a kan digiri 120?
3. Don me allurar ruwa ba ta isa shaida a kan zafin mai ba?
4. Me direba zai yi in jar fitilar mai ta kama?
5. Ja layukan littafin mota, ka cika na mako ɗaya daga motar uban ƙasarku.